Gwiwar Surukina

Ɗori a gidanmu gado ne. Haka mutane suke faɗa, mu ma muna barinsu su faɗa, amma ni na san irin ranƙwashin da na sha kafin hannuna ya faɗa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ne maɗorin unguwarmu a nan gindin duwatsun Dutse, kuma mu biyu Allah ya raya masa, ni da yayana. Da ya ga ƙarfinsa ya soma ja baya sai ya raba mana aikin: maza na yayana, mata da yara nawa. Dalilinsa a fili yake. Matar aure ba za ta buɗe ƙwaurinta a gaban ƙato ba, gara ta yi ta ɗingishi har ta mutu. To ni ce mai shiga gidaje.

Na gyara ƙafafu da yawa, ba yabon kai ba. Kai, yabon kan ne ma, in ban faɗa ba wa zai faɗa mini? Yawancin abin da ake kirana a kai targaɗe ne. Mace ta taso daga rijiya da tulu a ka, ta taka tsakuwa, idon sawu ya lanƙwashe, kafin ta iso gida ya yi suntum. Sai a aiko da gudu wai ta karye. In na je ba na kallon kukanta, ƙashin nake bi da babban yatsa. In na danna kan ƙashin ta yi shiru, na danna naman da ke ƙasansa ta yi ƙara, kuma tana iya taka ƙafar ko da tana cije leɓe, targaɗe ne. Man shanu, murza a hankali, ɗauri mai kyau, a ɗora ƙafar kan turmi a bar ta ta huta. In kuwa na danna ƙashin ta kira sunan uwarta, sai in ce a fere mini karan ɗori. Tsofaffi masu gwiwar da ke ƙara in sun tashi, ba na yi musu ƙarya. Ina ce musu sanyin ƙashi ne, ba ya ɗoruwa, a gasa da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya, tulun nan kuma a bar wa jikoki. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau, mai ita yana zazzaɓi, wannan ko taɓa ta ba na yi da murza, don murza ƙara mata wuta take yi.

Abu ɗaya Baba ya fi dukana a kai. In aka miƙo mini ƙafa mai ciwo na kama dubawa, sai in ji ranƙwashi a ka. "Ina 'yar'uwarta? Allah ya yi su biyu ne don ki auna wannan da waccan." Har na tsufa ban taɓa duba ƙafa ɗaya ita kaɗai ba.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun da Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba. A lokacin in Bature ya fito rangadi, dagaci ne ke ɗibar majiya ƙarfi su ɗaukar masa kaya daga wannan gari zuwa wancan. A bazarar nan rabo ya faɗa kan yayana. Aka aza masa akwati aka yi gabas da su, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Unguwa ta zauna ba maɗorin maza.

Ina da suruki, mijin 'yata ta fari. Wanda ya san kunyar 'yar fari ya san abin da nake nufi. Ita kanta yarinyar ban taɓa kiran sunanta ba tun da na haife ta, balle mijinta. Shi kuma yaro ne mai kunya har ta yi masa yawa. Bai taɓa shan ruwa a gabana ba. In gaskiya zan faɗa, tsakar kansa na fi sani da fuskarsa, don kullum kansa a sunkuye yake. Noma yake yi kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi hawan dabino ne. Yana da nasa 'yan itatuwa a kwarin da ke bayan duwatsu, yana kuma hau wa mutane nasu. Ƙafarsa ita ce abincinsa. Yarinyar kuwa a lokacin ba ita kaɗai ba ce, cikin ma ya soma nauyi.

Ran nan da hantsi ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗar iri, sai na ji salati a ƙofar gida. Maigidana, wanda nake kira Malam, ya shigo ya tsaya, ya yi gyaran murya kamar mai neman inda zai fara.

"Yaron nan ne aka kawo. Ya faɗo daga dabino."

Na ce, "Wane yaro?"

Kallon da ya yi mini ne ya gaya mini surukina ne.

Ashe ya hau yanko nonon dabino ne, igiyar da ya ɗaura a ƙugu ta tsinke, ya taho ya dira da gwiwa a kan dutse. Wansa da maƙwabta suka cire ƙyauren kara suka ɗauko shi a kai. Da yake gidan maɗori aka saba nufa, ƙafarsu ta kawo su gidanmu, don a gidan Baba muke zaune tare da yayana, kowa da sashensa, sai da suka iso suka tuna yayana ba ya nan. Aka tsaya cirko-cirko. Malam ya ce, "Gwiwa ce suka ce. Gwiwa dai ai kya iya dubawa."

Aka yi dabara. Na shiga ɗakina na saki asabari a ƙofa, aka kwantar da shi a waje, aka turo ƙafar ta ƙarƙashin asabarin daga gwiwa zuwa ƙasa. Ni ina ciki, shi yana waje, ba mai ganin wani. Na ce da wansa, "A tambaye shi, ina ne yake masa ciwo?"

Kafin wan ya buɗe baki sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa. "Gwiwa ce, Inna."

Gwiwar kam ta ji jiki. Fata ta saluɓe, jini ya bushe da ƙasa, ta kumbura. Kowa ya gan ta zai ce ga ciwo nan. Na yi bismilla na wanke ta. Na tura ƙoƙon gwiwar dama da hagu, yana tafiya lafiya, bai tsage ba. Na bi ƙashin ƙwauri daga sama har idon sawu, babu inda ya motsa. Na riƙe saman gwiwar da hannu ɗaya, na girgiza ƙwaurin da ɗayan, a ɗaure take tam. Na ce a raina, wannan gwiwar ai ƙalau take, buguwa ce kawai. To me ya sa ƙato kamar wannan yake numfashi haka?

Sai na lura da yadda ƙafar ta kwanta. Yatsun sun juya ciki, gwiwar a ɗan tanƙwashe, ta ƙi miƙewa. Na kama tafin ƙafar na gwada juya shi waje a hankali. Ya ƙi, kamar wani yana riƙe da shi daga can sama. Shi kuma ya saki wata irin ƙara da bai yi ba duk lokacin da nake murzar gwiwar.

Na ce, "A turo mini 'yar'uwarta."

Na ji wan yana cewa, "Inna, waccan ai lafiyarta ƙalau."

"Na sani. Don haka nake son ta."

Aka turo. Na haɗa dugadugan wuri ɗaya, sai ga mai ciwon ta gaza 'yar'uwarta da faɗin 'yan yatsu. Shi ke nan, na gama gani. In ƙashin cinya ya karye daga sama, ƙafa waje take faɗuwa, ta yi laƙwas, ka juya ta duk inda kake so. In kuwa ta juya ciki ta ƙage ta gajarce, ƙugu ne ya goce. Kan ƙashin cinya a cikin kwatangwalo yake zaune kamar taɓarya a turmi, to nasa ya fice ya koma baya. Na ce ya motsa babban yatsansa. Ya motsa. Na gode wa Allah, jijiyar ba ta mutu ba.

Na ɗaga murya yadda zai ji. "A sake tambayarsa. Tsakaninsa da Allah, ina ne yake masa ciwo?"

"Gwiwa ce, Inna."

Ka ji fa! Ƙugu yana cinsa kamar ya mutu, amma bakinsa ba zai iya furta ƙugu a gaban surukarsa ba. Gwiwa ita ce iyakar inda kunyarsa ta yarda ya kai. Tun a gindin dabinon da ya ji sun ce gidanmu za su, ya ce musu gwiwa, su kuma suka ga jini a gwiwa suka yarda. Da na biye wa bakinsa, da na naɗe gwiwar nan da kyau, na yi mata tofi, a ɗauke shi a kai gida kowa yana sa mini albarka.

Na kira Malam ya matso bakin ƙofa, na gaya masa abin da na gani. Maganar ta fita waje. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ba a yin komai a unguwa bai sa baki ba, ya ce, "To ai sai a jira maɗorin ya dawo. Ko a aika wajen Kiyawa, na ji akwai wani a can."

Na ce ta bayan asabari, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ƙugu ba ya jira. Yau nama a sake yake. In ya kwana ya ƙara kwana, jijiyoyi za su ɗaure, gurbin ya cike, ko ƙarti goma aka tara ba su mai da shi ba."

Ba da ka na faɗa ba. Ina yarinya an taɓa kawo wa mahaifinmu wani manomi da ya bar nasa ya daɗe a waje. Baba ya yi iya yinsa har gumi ya jiƙa rigarsa, ƙashin ya ƙi. Mutumin nan da kan yatsu ya ƙare takawa, ya bar gona, ya koma saƙar tabarma a zaune. Ina kallon dugadugan surukina ina ganin mutumin nan.

Dattijon ya ce, "Amma dai ba a taɓa yi ba. Suruka ta kama ƙugun mijin 'yarta? Ta fari ma? Haba!"

Sai shi mai ciwon ya yi magana. "A mai da ni gida. Don Allah a mai da ni. Inna ta yi haƙuri, gara in gurgunce."

Kada wani ya zaci ni ba ni da kunyar. Wallahi zufa ce ta karyo mini a cikin ɗakin nan. Shekara da shekaru ina kare mutuncina a gaban yaron nan, ko dariya mai ƙarfi ban taɓa yi ba in na san yana zaure. Na kuma san bakin matan unguwa. Ina zaune ina wannan saƙe-saƙe sai na ji motsi a bayana. Yarinyar ce. Labari ya kai mata, ta biyo ta ƙofar baya ta shigo, ta rakuɓe a gefen gado. Ita ma ba ta da bakin magana: mijinta ne, ni kuma uwarta ce. Hawaye kawai take yi. Ta miƙo hannu ta kama gefen zanena ta riƙe, abin da ba ta yi ba tun tana tatata.

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da dukanmu. Na ce a raina, wai mu duka manya da hankalinmu za mu zuba ido ƙafar mutum ta lalace don kada a ce an yi rashin kunya? Gurgun da za a samu, wa zai noma masa? Dattijon nan ne?

Na ce, "Malam, ina neman izininka."

Malam mutum ne mai auna magana, wani lokaci har ya ba ni haushi. Can ya ce, "Lalura ce. Addini bai hana ba." Ya juya wajen mutane ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jama'a, a ba mu wuri."

Aka watse, dattijon yana tafe yana ƙunƙuni. Ya rage daga Malam sai wan. Na gyara lulluɓina na ɗaga asabari na fito. Yana jin tafiyata ya jawo rigarsa ya rufe kansa ruf. Na ce madalla, hakan ma ya yi mini.

A bayan ɗakina akwai wani falalen dutse da muke shanya kuɓewa a kai, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, bakinsa a miƙe. Baba yana da hanya biyu ta mai da ƙugu. Ɗaya a rigingine, maɗori ya tsaya a kan mutum ya ja cinyar sama, wannan sai mai ƙarfin damtse, kuma ido cikin ido ake yi. Ɗayar a kife, nauyin ƙafar da nauyin maɗori su yi aikin. Ni ta biyun na zaɓa, don ta fi dacewa da ƙarfina, ta kuma fi dacewa da kunyarsa. Aka share kuɓewar, aka shimfiɗa buzu, aka ɗaga shi a hankali aka kifar da shi, ƙirji da ciki a kan dutse, ƙafafu suna reto. Na sa aka yafa masa gwado. Ta saman gwadon na ɗora tafina a bayan ƙugun, sai ga kan ƙashin a dunƙule inda bai kamata ya kasance ba. Ban daɗe ba na ɗauke hannuna, na riga na ji abin da nake nema.

Na ce da wan, "Danne masa ƙugu da hannu biyu, kada ka bari ya ɗaga ko zai zage ka." Malam ya riƙe kafaɗu yana karanta abin da ya sawwaƙa. Ni kuma na tanƙwashe gwiwar, na riƙe idon sawun da hannu, na ɗora tawa gwiwar a bayan ƙwaurinsa, can kusa da lanƙwasar, na soma sakar masa nauyina kaɗan-kaɗan. Ba fizga ake yi ba. Mai fizga karya ƙashi yake yi. Dannawa ake yi a jira nama ya gaji ya saki.

To nan fa aka yi ta. Naman ya ƙi saki. Na taɓa mutane da yawa masu jin zafi, na san taurin zafi, yana zuwa yana tafiya, in ka yi haƙuri za ka sami tsakaninsa. Wannan ba shi ba ne. Yaron nan ya sandare ne tun daga wuya har dunduniya saboda ya san gwiwar surukarsa ce a kan ƙafarsa. In na ce masa, "Saki jikinka," sai ya ce, "To, Inna," ya ƙara ƙanƙamewa. Rana ta take, dutse ya yi zafi, ƙafata da nake tsaye a kai ta soma rawa. Wan ya ɗago ya dube ni, na ga ya soma karaya. Na san in na sauka na ce a huta, ba zai yarda a sake kifar da shi ba.

Ban san inda maganar ta fito ba. Na dai ji bakina yana cewa, da muryar da nake yi wa jikokin maƙwabta tsiya, "Kai, kada ka ɗauka don kai nake wannan wahala. Angona yana nan tafe. In ka gurgunce, wa zai hau ya tsinko wa angon nawa dabino? Wannan tsohon?"

Wanda bai san mu ba ba zai gane girman abin da na yi ba. Kaka takan kira jikanta namiji angonta, wasa ne da kowa ya sani. Amma jikan nan yana ciki tukuna, cikin 'yar fari, wanda ko da ido ban taɓa nuna na san da shi ba, ga shi na faɗa a gaban uban, na kuma haɗa da Malam na kira shi tsoho. Malam ya sarƙe a tsakiyar addu'a. Wan ya fashe da dariya. Shi kuma na cikin riga, dariyar ta kufce masa haɗe da kuka, wani irin sauti kamar na ɗan akuya. A daidai nan na ji cinyar ta yi laushi a ƙarƙashina. Na saki sauran nauyina gaba ɗaya, na ɗan murɗa idon sawun waje.

Ji kake ɗum! Har a tafin ƙafata na ji shi.

Ya yi salati da ƙarfi, sannan ya yi lamo. Wan ya tsorata ya ce, "Inna, ya karye?"

Na ce, "Ya koma gida."

Aka juyo da shi a hankali aka kwantar a tabarma. Ƙafar da ta ƙi miƙewa ta miƙe da kanta, yatsu suna kallon sama. Na tsuguna na haɗa dugadugan. Daidai wa daida. Na tanƙwashe gwiwar na miƙe, na juya ciki na juya waje, tana tafiya sumul. Na sake sa shi ya motsa yatsu, ya motsa. Daɗin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da na fara ɗora karaya ni kaɗai. Na so a ce Baba yana raye ya gani. Malam ya warware rawaninsa ya miƙo mini ba tare da na tambaya ba, na sa tsumma tsakanin gwiwoyin na ɗaure cinyoyin wuri ɗaya. Sannan na wanke gwiwar da ta jawo duk wannan, na shafa mata man shanu, don ita ma tana da hakkinta.

Sharuɗɗan ta bakin wansa na ba shi, don kunya ta dawo mana duka tun kafin a ɗaga shi. Ya kwanta a rigingine har sai na aiko. A riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. In ya tashi, da sanda. Ba harɗe ƙafa, ba hawan jaki, ba hawan dabino. Babban sharaɗi kuma, kada ya kuskura ya tsuguna har sai an gama girbi, ko gaban wa, don tsuguno shi ne ke sake fitar da ƙugun da bai gama kamawa ba. Sallah ma a zaune. Aka ɗauke shi a ƙyauren da aka kawo shi, kansa har yanzu a cikin riga.

Maganar ta zaga unguwa, ba sai na faɗa ba. A bakin rijiya wata ta ce da ni, wai ita kam da ta mutu. Na ce, "To Allah ya sa kada naki surukin ya faɗo." Wata kuma ta kama hannuna ta jujjuya ta ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wannan na karɓa. Da yayana ya dawo daga ɗaukar kaya, wuyansa duk ya yi kanta, bai huta ba ya tafi ya duba aikin. Ya dawo ya same ni ina tankaɗe. Shi ba mai yabo ba ne, tun muna yara gasa muke. Ya tsaya ya ce, "A kife kika yi?" Na ce e. Ya gyaɗa kai ya ce, "Hannun Baba ne." Ya wuce ɗakinsa. Na ci gaba da tankaɗe ina murmushi ni kaɗai.

Damina ta sauka, 'yan'uwansa suka yi masa gayya suka nome gonar. Yarinyar ta sauka lafiya, namiji. Shi kuwa uban ban sake sa shi a ido ba. Ashe sharaɗina ne ya kore shi: ba zai iya zuwa ya gaishe ni a tsaye ba, ni kuma na hana shi tsugunawa, sai ya riƙa aiko wansa da gaisuwa. Ana ce mini ya ajiye sanda, ana ce mini yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ina jin daɗi, amma hankalina bai kwanta ba. Tafiya ba ita ce shaida ba. Na sha ganin ƙugun da ke tafiya lafiya, ran da mai shi ya kai ƙasa ya kasa tasowa. Ga shi ba ni da bakin da zan ce a kira mini shi in gani.

Bayan an gama girbi, an ɗaure dawa, wata safiya na fito zan je duba wata mai targaɗe a wani ƙauye kusa da mu. Hanyar siririya ce, ta ratsa tsakanin gonaki. Ina tafe sai na hango mutum yana tahowa da damin kara a ka. Tun daga nesa na kafa wa tafiyar ido kafin in gane mai ita: ba ɗingishi, ba jan ƙafa, kafaɗu a daidai. Sai da ya matso na ga shi ne. Shi ma ya gane ni, ba kuma inda zai ɓuya, gonaki duk an share. Ya jefar da damin, ya ratse gefe, ya tuɓe takalmi, ya tafi ƙasa gaba ɗaya, dugadugai a ƙasa, kai a sunkuye.

"Ina kwana, Inna."

Na juya fuskata gefe kamar yadda ya kamata, amma wutsiyar idona tana kan ƙugun nan. Na amsa. A al'ada daga nan sai in ce a gai da gida in wuce. Ban wuce ba. Na tambaye shi mutanen gida. Na tambayi mai jego da yaro. Na tambayi wansa, na tambayi yadda dawa ta yi, na tambayi gero, na tambayi wake, har akuyarsu da na ji ta haihu sai da na tambaya. Yana ta "Lafiya lau, Inna, alhamdu lillahi," yana mamakin yau me ya sami surukarsa. Ni kuwa jira nake in ga ko zai karkata, ko zai kai hannu ya dafa. Bai motsa ba.

Da tambayoyi suka ƙare mini na ce, "To, tashi ka ɗau kayanka, rana tana yi."

Ya miƙe tsaye cak, bai dafa ƙasa ba.

Na ja lulluɓina na rufe fuska na wuce da sauri, don kada ya ga surukarsa tana kuka a kan hanya.